Huji Huɗu a Cikin Auta

Ranar da aka sallamo Auta daga asibiti, ba fuskarta aka fara dubawa a gidanmu ba. Cikinta aka buɗe. Tun ba ta gama zama a kan katifa ba Kaka ta matso, ta ɗage mata riga, ta kanne ido ɗaya kamar mai neman allura a ƙasa.

"Ina aikin?" in ji Kaka.

"Ga shi nan, Inna," Umma ta ce, tana nuna filasta guda huɗu, ɗaya a cibiya, uku a saman ciki. Kowacce ba ta wuce faɗin murfin kwalba ba.

"Wannan? A kan wannan kuka tare a asibiti kuka bar min gida kamar kango? Ai ko sauro ya fi haka ɓarna."

Aka yi dariya. Auta ma ta yi, amma ta riƙe gefen cikinta da hannu biyu kafin ta yi.

Auta ƙanwata ce, shekararta goma sha ɗaya, kuma mai sikila ce. Tsakuwa ta taru mata a matsarmama, 'yar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta, likitoci suka ce sai an cire. Ba su tsaga cikin ba. Huji huɗu suka yi, suka hura iska don su ga hanya, suka zura kyamara da ƙarafansu, suka zaro jakar. Ni nake riƙe da jakar kayanta lokacin da nas take yi wa Umma bayanin sallama, don haka da kunnena na ji.

"Kada ƙanƙantar hujin ta ruɗe ku," in ji nas ɗin. "A waje ne ƙarami, a ciki yanka aka yi. Za ta ji ciwo har a kafaɗar dama, iskar da aka hura ce, kwana biyu ko uku zai wuce. Ga magani nan, a ba ta a kan lokaci, kada a jira sai ta yi kuka. Ta riƙa ɗan tattaki, amma ban da ɗaga nauyi. Sauran bayanin yana cikin takardar nan, a karanta."

Ta ninke takardar ta cusa a cikin ledar magani. Ledar nan ita Baba ya miƙa hannu ya karɓa muna shiga gida.

Baba mai wanki da guga ne. Shagonsa yana gaban gida, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da tsakar gidanmu, inda bahuna da igiyoyin shanya suke. Teburin gugarsa yana da aljihu mai kwaɗo, a nan yake kulle duk abin da ya tsinta a aljihun masu kawo wanki: makulli, zobe, biro, katin shaida. Shekara ashirin ba a taɓa cewa ko maɓalli ya ɓata a hannunsa ba. Mutum ne mai amana, kowa a layinmu zai shaida.

Ya zazzage ledar a kan teburin, ya ɗaga kwali ɗaya saitin haske, ya karanta sunan. Sai ya ɗago ya dube ni.

Na san kallon. A aji biyu na sakandare na bar makaranta, na yi shekara biyu ina shan ƙwaya, har an taɓa ɗauko ni daga bakin kwata a baro. Wata goma sha huɗu ke nan ban sa ko ɗaya a bakina ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

"Da irin wannan aka fara," Baba ya ce. "Na rasa ɗa guda yana tsaye da ƙafafunsa. Ba zan rasa na biyu ba."

"Malam, ko mai sauƙin ka bar mata," in ji Umma daga bakin ƙofa.

"Duk kanwar ja ce. Huji ne fa, ba yanka ba. Ko kunne ake hudawa a tashi a yi wasa."

Ya mayar da komai cikin ledar, har da takardar, ya jefa a aljihun tebur, ya datse kwaɗo. Makullin ya koma igiyar da ke wuyansa.

Washegari da safe ina jera bahuna na ji muryar Auta daga ɗaki. "Umma, kafaɗata. Umma, kamar an soka min ƙusa."

Kaka tana zaune a kujerarta ta roba a inuwar shanya, tana ware fararen kaya daga masu launi. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Kafaɗa kuma? A ciki aka yi huji, ciwo ya je kafaɗa? Da tsani ya hau?"

"Kaka, nas ta faɗa," na ce. "Iskar da aka hura mata ce."

"Iska! To ta yi gyatsa mana."

Baba ya leƙo daga shago, dutsen guga a hannunsa. "Likitan gida ya yi magana. Dokta Ƙafar-Yawo, mai digirin aji biyu. Kai, wuce ka tara ruwa."

Kaka ta tashi ta shiga ɗakin, na bi ta. Ta tsaya a kan Auta, ta kwance zaninta kaɗan, ta nuna mata tabon da kowa a gidan ya haddace: dogo, mai kauri, daga ƙasan ƙirji har ya wuce cibiya, da alamun ɗinki a gefe da gefe kamar zif ɗin jaka.

"Kin ga aiki. Tsaga ni aka yi kamar kifi. Ranar kwana bakwai na wanke zannuwan gado goma sha biyu, ban ce wa kowa wash ba. Ke an ɗan tsikare ki kin cika mana gida. Raki dai, Raki."

Sunan da ake kiranta ke nan duk lokacin da ciwon sikilarta ya tashi. Tun tana ƙarama, in ƙashi ya kama ta tana birgima, sai a ce Raki ta fara. Yanzu ma sunan ya dawo ya zauna daram.

Umma ta kawo tawul da ruwan zafi ta ɗora mata a kafaɗa. Ina jin ta tana raɗa: "Ki daure, 'yar albarka. Ki yi a hankali kada Babanki ya ji."

Na tare ta a bakin kicin. "Umma, ki yi masa magana mana."

"In ce me? Ka san halinsa. Kuma kai ka ja mana, da ba ka yi abin da ka yi ba, da wa zai kulle magani?"

Na ɗauki bokiti na wuce famfo.

A kwana na uku mai masaukin baƙi na bakin titi ya aiko da zannuwan gado guda arba'in, yana so kafin la'asar ta gobe. A aikinmu zanin gado ba ya matsuwa da mutum ɗaya. Mutum biyu ke kama baki da baki, wannan ya murɗa dama, wancan ya murɗa hagu, har ruwan ya tsiyaye. Tun tana shekara takwas Auta ce abokiyar murɗar Umma.

"A taso ta," in ji Baba.

"Malam, yarinyar nan ko shayi ba ta shanye ba."

"Ba ke kika ce nas ta ce ta riƙa tattaki ba? To ga tattaki. Kwanciya ita ke ƙara ciwo."

"An ce ban da nauyi, Baba," na ce. "Ni zan riƙe."

"Riƙewa kawai za ta yi, uwarta ce mai murɗawa. Kai kuma ga kayan mutane can a leda, tun jiya suke jira. Ɗauki ka kai."

Kafin in fita na ga ta fito tana takawa a sunkuye kamar tsohuwa, hannu ɗaya a bango. Ta kama bakin zanin. Umma ta murɗa sau ɗaya, sau biyu. A na uku duk nauyin jiƙaƙƙen zanin ya ja ta gaba, ta saki, ta durƙusa. Farin zani ya faɗi a cikin ruwan datti.

"Kin gani ko!" Baba ya daka tsawa. "Sai an sake sa masa bilic. Don kada ki yi aiki shi ne za ki ɓata min na mutane?"

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. Ita ce mai ba da haƙuri.

Na kai kayan gida shida a guje, ban tsaya ko gaisawa ba. Da na dawo na tarar an zaunar da ita a kan bokiti a kife, tana miƙa wa Umma maƙalan shanya ɗaya bayan ɗaya. Duk miƙawa sai ta cije leɓe. Kaka tana cewa, "Yawwa, ko ke fa. Jiki ai da motsi yake warkewa."

A kwana na huɗu kafaɗar ta daina, kamar yadda nas ta ce. Sai ciwon ya sauko ya tare a ciki. Ta sha shayi rabin kofi ta amayar. Jikinta ya ɗau zafi, in ka taɓa goshinta kamar ka taɓa dutsen guga da aka kashe ɗazu.

"Zazzaɓin sauro ne," in ji Umma. "Asibitin nan ai sauro ne fal."

"Umma, dubi idonta. Ya yi ɗorawa."

Kaka ta amsa daga tsakar gida: "Idon mai sikila kake nuna mana? Tun da aka haife ta haka yake. Yau ka fara ganinta?"

Gaskiya ne, idon Auta bai taɓa zama fari tas ba. Amma ni na san launinsa na kullum, wannan ba shi ba ne. Wannan ya yi kauri, har fatar fuskarta ta ɗauka.

Na shiga shago. Baba yana fesa wa wata riga ruwa yana bi da dutse.

"Baba, don Allah ka ba da makullin nan. Ko ƙwara ɗaya a ba ta. Kai da kanka ka ba ta, ni ko taɓawa ba zan yi ba."

Bai ɗago ba sai da ya gama hannun rigar. "Kwana huɗu ke nan kana zagaya teburin nan kamar kyanwa ta ji ƙanshin kifi. Kana tsammani ban lura ba?"

"Wallahi ba don kaina ba ne."

"Wallahin nan na sha ji. Ranar da ka sayar da injin ɗinkin uwarka ma da wallahi ka fara. Ciwon ƙanwarka za ka mayar tsani? Ba ka ji kunya ba?"

"Ka zo ka taɓa jikinta kawai."

"Na taɓa da safe. Zafi ne, zai sauka. Ni na haife ta, ba kai ba."

Na koma ɗaki na zauna a bakin katifar. Auta tana kwance a gefen hagu, ta naɗe gwiwoyinta zuwa ƙirji. Ta buɗe ido.

"Yaya."

"Na'am."

"Da gaske in na sha maganin zan zama kamar kai?"

"Wa ya ce?"

"Baba. Ya ce haka ka fara. Wai daga baya sai a riƙa ɗauko ni a baro."

Na ji kamar an watsa min ruwan bilic a ido. Na ce, "Ke ai baro ba zai ɗauke ki ba, kin cika nauyi. Sai dai motar ɗaukar yashi."

Ta fara dariya, ta katse ta a tsakiya, ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Da abin ya lafa ta ce, "Ka gaya musu ba raki ba ne. Kai ka gaya musu."

"Na gaya musu."

"Sake gaya musu."

Ta yaya zan fahimtar da yarinya cewa a gidan nan ta zaɓi shaidan da ba a karɓar shaidarsa?

A kwana na biyar Auta ta yi shiru. Babu kira, babu nishi. Umma ta leƙa da safe ta ce barci take yi. Kaka ta gyara zama a kujerarta, ta ce da ƙarfi don in ji:

"Kun gani ko? An ƙyale ta ta warke. Da an biye wa likitan gida, da yanzu muna da 'yan ƙwaya biyu. Yaro in ka nuna masa kukansa ba ya saye, da kansa zai rufe kasuwa."

Na shiga. Ba barci take yi ba. Idonta a buɗe, tana numfashi ƙanana-ƙanana kamar mai tsoron kada a ji ta. Gefen rigar matashin yana cikin bakinta, ta tauna shi har ya huje. Na ɗage rigarta. Filastocin huɗu suna nan tsaf, ko ɗigon jini babu. Amma cikin ya kumbura, ya yi tauri yana sheƙi. Na ɗora yatsa ɗaya, ta zabura.

"Me ya sa ba ki kira ba?"

Ta zare matashin daga bakinta. "In na kira Kaka tana dariya."

Da azahar Baba ya fita ya kai wa mai masauki sauran kayansa. Na ɗauki sukundireba daga kwalin da yake ajiye fis da wayoyi. Ban iya buɗe kwaɗo ba, sai na kwance ƙarfen da yake maƙale a jiki, katakon ya tsage. Ledar tana nan a kan zobba da makullan mutane. Na zazzage ta, takardar nas ta faɗo.

Karatuna ba mai sauri ba ne, da yatsa nake bi. A ƙasan takardar an ja layi, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa a dawo da mara lafiya nan take in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi, amai, ido ko fata ta yi ɗorawa, ciki ya kumbura ko ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa. Ɗaya aka ce. Auta tana da duka. Kwana biyar takardar nan tana kwance a cikin duhu, taku goma daga katifarta.

Ina tsaye, takarda a hannun dama, kwalin magani a hannun hagu, Baba ya shigo. Tare da shi akwai wani malamin makaranta da ya zo karɓar kayansa.

Ban ga tahowar marin ba, ƙararsa na ji.

"Aljihun amanar mutane! A gaban baƙo! Allah ya isa tsakanina da kai."

"Baba, karanta wannan."

"Ajiye ƙwayar nan ka fita. Fita, kada in sake ganin ƙafarka."

Na ajiye kwalin a kan tebur. Amma ban bi ƙofar titi ba, ta cikin gida na bi. Na naɗe Auta a zanin gado, na ɗauke ta a hannu kamar jaririya, don cikinta ba zai yarda da goyo ba. Da na fito tsakar gida duk suna tsaye. Baba ya tare hanyar shago.

"Ajiye ta," in ji Kaka. "Yaron nan ya sha abinsa, ku dubi idonsa."

Na dubi Umma. Ba ta iya karatu ba, don haka na faɗa mata da ka, ɗaya bayan ɗaya, yadda yake a takardar. Zazzaɓi. Amai. Ido. Kumburi. "An ce ko ɗaya aka gani a dawo da ita, Umma. Tun jiya. Tun shekaranjiya ma."

Umma ta matso ta ɗaga zanin, ta ɗora tafin hannunta a cikin Auta. Auta ba ta yi kuka ba, wani sauti kawai ta yi, irin na ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Umma ta janye hannun. Ta fizgo mayafi daga kan igiya, jiƙaƙƙe ma, na wata mai kawo wanki.

"Malam, matsa."

"Ke ma biye masa za ki yi?"

"Na ce ka matsa."

Tunda nake ban taɓa jin ta yi masa magana haka ba. Shi ma bai taɓa ji ba, ina jin mamaki ne ya matsar da shi. Malamin makarantar nan shi ya tare mana tasi.

A ɗakin gaggawa wata likita ta zo, ta tsuguna daidai fuskar Auta. Ta ciro wani kati mai zanen fuskoki shida, daga mai murmushi har zuwa mai kuka da hawaye.

"'Yata, nuna min wadda ta yi kama da yadda kike ji."

Daidai lokacin Baba ya iso, yana haki, ledar magani a hannunsa. Ya tsaya a ƙarshen gadon. Auta ta dube shi, ta dubi katin. Ta ɗaga yatsa ta ɗora a kan fuskar mai murmushi.

Likitar ta ajiye katin, ta danna cikin a hankali, ta saki. Ihun da Auta ta riƙe kwana biyar ya fito gaba ɗaya, har wata mata a gadon kusa ta toshe kunnen ɗanta.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Da likitar ta dawo ta tambayi wane magani aka ba ta, sau nawa. Baba ya miƙa ledar. Ta buɗe kwali na farko, ta buɗe na biyu. Ko gurbi ɗaya ba a ɓalle ba.

"Ko ɗaya?"

"Likita, ina da dalili," in ji Baba. "Wannan da kike gani…"

"Ban tambayi wannan ba, Baba. Wannan ta kwance nake tambaya." Ta ja numfashi. "Ruwan ɗaci ne yake ɗiga daga inda aka ɗaure, ya taru a cikin. Yakan faru, shi ya sa muke ba da takarda. Maganin nan ba zai hana ɗigar ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma da kun ba ta kuka ga ciwon ya ƙi lafawa, da kun gane akwai matsala. Da kun kawo ta shekaranjiya, da ƙila ɗan bututu kawai za mu sa. Yanzu ya ruɓa. Sai mun buɗe ta."

"Buɗewa kamar yaya?" in ji Umma.

Likitar ta ja yatsa a kan rigarta, daga ƙasan ƙirji zuwa cibiya.

Auta ta rayu. Na faɗa da wuri don kada mai karatu ya ɗauka labarin mutuwa nake bayarwa. An ƙara mata jini, ta kwana uku da robar hanci, ta yi kwana goma sha biyu a gado, aka sallamo ta.

Ranar da ta dawo, Kaka ta sake ɗage mata riga. Wannan karon ba ta kanne ido ba. Ta ware yatsunta ta auna ɗinkin, ta ƙara da yatsu uku. Sai ta kama haɓa.

"Wayyo jikata. Yanzu kam an yi miki aiki. Kai, kawo mata matashi! Ke, dafa mata ruwan zafi. Kada wanda ya sake ya sa ta ɗaga ko cokali."

Ita da kanta ta zauna tana yi mata fifita. Baba kuwa ya sa ƙararrawa a wayarsa, in ta buga sai ya ajiye guga ko da rigar wa ce, ya buɗe aljihun tebur, ya kawo ƙwara ɗaya da ruwa a kofi, ya tsaya har ta haɗiye. Ya kira kafinta ya gyara inda na tsaga, ya sa kwaɗo mafi girma. Bai ƙara cewa in bar gidan ba, bai kuma ce in zauna ba. In na shiga shago, hannunsa yakan tafi wuyansa ya taɓa makullin.

Na jira in ji wani ya ce mun yi kuskure. Ga abin da na ji. Baba yana gaya wa masu kawo wanki cewa likitocin zamani ne da son aikin sauri, sun huda yarinya sun bar ta tana yoyo. Kaka tana gaya wa masu zuwa dubiya cewa da tun farko sun tsaga yadda aka saba, da ba a kai ga haka ba. Umma ta koma shirunta, in an matsa mata sai ta ce ƙaddara ce, Allah ya riga ya rubuta. Kowa ya wanke kansa tas, ya shanya, ya goge. Mu da ma sana'armu ke nan.

Ba mugaye ba ne, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da mugaye ne da na san yadda zan yi da su. Suna son yarinyar nan. Amma a gidanmu ciwo sai ya zo da shaida, shaidar kuma sai wadda ido zai gani a auna da yatsu. Bakin mai ciwon ba ya cikin lissafi, balle in yaro ne, balle in an riga an raɗa masa suna. Sai da aka tsaga ta daga ƙirji zuwa cibiya sannan ta sami izinin cewa wash. Laifina na baya, tsoron Baba, tabon Kaka, shirun Umma, duk aka tattara aka ɗora wa mai shekara goma sha ɗaya, aka ce ta murɗa.

Yanzu wata biyu ke nan. Ɗinkin ya warke, ya bar tabo mai kama da na Kaka. Na lura da wata ɗabi'a da Auta ta koya: in za ta ce wani abu yana damunta, sai ta fara ɗage gefen rigarta tukuna, kamar mai nuna katin shiga.

Jiya da hantsi ina shanya na ga ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana matsa ƙwaurinta da hannu biyu. Na san zaman. Ciwon ƙashi ne yake sallama, irin wanda yakan kwantar da ita kwana uku. Kaka tana kujerarta tana ware kaya, Baba yana shago, ana jin ƙarar dutse a kan tebur.

Na tsuguna kusa da ita. "Ya fara ne?"

Ta gyaɗa kai. Ta dubi Kaka, ta dubi ƙofar shago. Sai ta ja zaninta sama kaɗan, ta juya ƙafar dama da hagu tana dubawa. Fata sumul, ko ƙwarzane babu.

"Yaya," ta ce a hankali, "wannan fa, me zan nuna musu?"